Tabarau Bai Taɓa Cin Idon Kowa Ba

Ƙannena maza da mata, ku da ke kwaleji da lise a nan Gure, da ku da karatu ya kai Damagaram ko Yamai, akwai magana biyu da ke yawo a gidajenmu a kan ido, kuma kowacce tana cutar da wani a cikinku. Idan yaro ya ce ba ya ganin rubutun tablo daga baya, sai a ce a ƙyale shi, ƙuruciya ce, in ya girma idon zai washe. Idan kuma aka yi dace aka kai shi likita aka rubuta masa tabarau, sai gwaggo ko kawu ya ce kul, tabarau cin ido yake, duk wanda ya fara sa shi ba shi ba rabuwa da shi. Ba ƙiyayya ta sa suke faɗin haka ba, tsoro ne irin na mai ƙauna, kuma ban yarda ku raina su a kai ba. Sai dai duka biyun ba haka suke ba. Irin wannan rashin ganin nesa ba ya washewa da girma, tabarau kuma ba ya ƙara shi, ba ya kuma warkar da shi. Abin da ke salwanta a wajen jira shi ne shekarun karatunku.

Kun san yaron da nake nufi, don da wuya a rasa irinsa a makaranta. Yana zaune can baya, aji ya cika maƙil, mushe ya cika tablo da lissafi, allin ya dushe a kan fentin da ya riga ya koɗe. Sai ka ga ya ƙanƙance ido, ya miƙa wuya, ya ɗan ja gefen fatar idonsa da yatsa. 3 ta zame masa 8, alamar ragewa ta ɓace ɗungum. Daga nan ya haƙura da tablo ya koma leƙen kayen na kusa da shi, yana kwafe daidai da kuskure gaba ɗaya. Amma miƙa masa littafi ka gani, zai karanta maka ƙananan rubutun ƙasan shafi ba gargada. A unguwa kuma sunansa mai girman kai, don ya wuce ƙanin babansa a tsallaken titi bai gaishe shi ba. Shi kuwa bai san ya rasa komai ba. A zatonsa kowa haka yake hango dabinon kwari, kore guda a dunƙule, ba ganye ɗai-ɗai ba. Wannan shi ne abin da likitoci ke kira miyopi: na kusa tangaran, na nesa dishi-dishi.

Sai kun san inda matsalar take kafin ku gane dalilin da ya sa ba ta komawa. Gani yana samuwa ne idan haske ya shiga ido, abin da Ibn al-Haisam ya tabbatar a littafinsa Kitabul Manazir kimanin shekara 1000 da ta wuce. Hasken na ratsa garai-garan tantanin gaban ido, ya ratsa wani ɗan madubi na halitta da ke bayan baƙin ido, su biyun su lanƙwasa shi ya taru a kan wani tantani mai laushi da ke shimfiɗe a bangon baya, wanda ake kira retina. Idon jariri daga gaba zuwa baya bai wuce milimita 17 ba, na babban mutum kuwa wajen 24. Ido ma girma yake yi ke nan, kuma ana so ya tsaya a daidai inda hasken ke taruwa. Na wasu sai ya zarce. Hasken abin da ke nesa ya taru tun bai kai tantanin ba, ya sake bazuwa, hoton ya isa a dagule. Zarcewar ma ba wata mai yawa ba ce, milimita 1 tak tana jawo lamba wajen -2.50 zuwa -3.

Lambar nan da ake rubutawa a takarda mai alamar ragewa a gabanta ba wani sirri ba ce. Ka raba 100 da ita, abin da ya fito shi ne iyakar santimitar da kake gani sarai ba tare da tabarau ba. Mai -1 yana gani har mita guda, mai -2 rabin mita, mai -4 kuwa daga santimita 25 duniya ta fara yi masa hazo. To ku auna tazarar da ke tsakanin tebur na baya da tablo.

Galibi abin na farawa ne tsakanin shekara 6 da 14, ya yi ta ƙaruwa kaɗan-kaɗan kowace shekara muddin jiki na girma, ya lafa wajen ƙarshen samartaka, ya tsaya ga yawancin mutane a farkon shekaru ashirin da wani abu. Wanda ya fara da wuri ya fi zuwa da lamba babba, don ya fi samun shekarun ƙaruwa. Gado ma na da hannu: idan uwa da uba duk suna da shi, ɗansu ya fi kusa da samu. Albishir ɗin da zan iya yi muku da gaskiya shi ne tsayawar nan. Komawa baya kam babu, don ba a taɓa samun abinci, ko motsa ido, ko maganin ɗigawa da ke rage tsawon idon da ya riga ya yi tsawo har ya dawo daidai ba.

Daga nan ne zargin da ake yi wa tabarau ya samo asali. Yarinya ta fara sa shi tana siziyam da -1, ta kai turwaziyam likita ya ce -2.50, sai a ce ga shi nan, mun faɗa, ya ci idon. Amma ai kowa ya ga yaron da aka saya wa takalmin Salla, kafin wata Sallar ya matse shi. Ba wanda ke cewa takalmin ne ya ƙara masa ƙafa, kuma da an bar shi ba takalmi ƙafar ba ta fasa girma. Lokacin da ake fara sa tabarau shi ne daidai lokacin da ido ke kan tsawo, shi ya sa laifin ke faɗawa kansa. Shi kuwa gilashin ko taɓa ido ba ya yi. Aikinsa ya ɗan buɗa hasken kafin ya shiga, don ya taru can baya inda ya kamata. Ka cire shi, ido na nan yadda yake.

Za ku ce to me ya sa wanda ya saba da shi, in ya cire, yake cewa ganinsa ya fi na da muni? Saboda a da bai san akwai wani gani da ya fi nasa ba, yanzu ya sani. Ƙwaƙwalwarsa ta ɗanɗana gani tangaran, ta kuma daina wahalar ƙanƙance ido da cinke, hazon da ya zauna da shi shekara da shekaru sai ya zame masa abin ƙi. Maganar cewa ba ya rabuwa da shi gaskiya ce, amma dalilinta ke nan.

Likitoci ma sun daɗe suna zaton abin da gwaggo ke zato, har wasu kan rage wa yara ƙarfin tabarau da gangan wai don kada ido ya yi lalaci. Sai aka gwada. A Maleshiya, a wani bincike da aka buga a 2002, an raba yara 94 gida biyu, kashi ɗaya aka ba su cikakkiyar lambarsu, ɗaya kashin aka rage musu kimanin 0.75. Bayan shekara 2, waɗanda aka rage wa su ne nasu ya fi ƙaruwa. A nan kusa da mu, a Kumasi ta Gana, an yi irinsa da yara 150 masu shekara 10 zuwa 15, aka buga a 2016, ragin bai amfana musu komai ba. A yammacin ƙasar Sin kuma, a lardunan Gansu da Shaanxi, inda iyaye da malamai ke da irin tsoron nan namu sak, an bi makarantun firamare sama da 250 aka raba wa wasu yara tabarau kyauta. Idonsu bai fi na sauran lalacewa ba, makinsu na lissafi kuma ya ɗaga. Wannan na ƙarshen nake so ku riƙe, ku da BEPC ko bak ke gabanku.

Akwai ma inda hana tabarau ke yin ɓarna ta dindindin. Ƙaramin yaro da bai kai shekara 7 ko 8 ba, idan idonsa ɗaya ya fi ɗaya rauni sosai, ƙwaƙwalwa kan yi watsi da raunanan ta riƙe mai kyan. In ba a gyara da wuri ba, ko an sa masa gilashi daga baya idon ba ya koyon gani sosai. Ku da kuke da ƙanne, ku rufe musu ido ɗaya da tafin hannu ku nuna musu abu daga nesa, sannan ku rufe ɗayan. Wasa ne na minti biyu.

Na san wani zai ce shi fa ya ga wanda idonsa ya gyaru. Ban ƙaryata shi ba, sai dai a duba me ya gyaru. A cikin ido akwai wata ƴar tsoka da ke matsa madubin ciki duk lokacin da ake duban abu kusa. Ɗalibin da ya kwana uku yana haddar darasi, ko ya raba dare fuska manne da salula, tsokar nan kan ƙage ta ƙi saki, ya ɗaga kai ya ga nesa ta dagule. Wannan rashin ganin nesa na ƙarya ne, hutu na warware shi. Shi ya sa ƙwararren mai awo ke ɗiga wa yaro magani ya jira wajen rabin awa kafin ya auna. Maganin na sakin tsokar, ya buɗa baƙin ido, yaro ya wuni haske na damunsa kuma ba ya iya karatu, kashegari ko jibi ya wuce. Iyaye kan tsorata da wannan su ce an ɓata wa ɗansu ido, alhali shi ne awo na gaskiya. Wanda aka auna shi a gurguje ba tare da maganin ba, aka ba shi lambar da ta fi ƙarfinsa, daga baya wani ya auna da kyau ya rage, shi ma zai ce ya samu sauƙi, nan kuwa awon farko ne bai yi daidai ba.

Sai na manya. Daga shekara 40 zuwa 45 madubin cikin ido na fara taurin da ke sa mutum nesanta takarda kafin ya karanta. Mai ƙaramar lambar ragewa a nan yake cin riba, ya cire tabarau ya karanta saƙo a salula, tsaransa na laluben nasu. Nesa dai tana nan yadda take gare shi. Wanda ya fi ruɗar mutane shi ne tsoho ko tsohuwa da suka shekara ashirin da tabarau na karatu, rana ɗaya a ga sun ajiye shi suna tilawa da idonsu, gida ya ɗauka da murna ido ya dawo. A gode wa Allah a kan kowace ni'ima, amma ku kai kaka a duba ta, don sau da yawa yanar ido ce ta fara, tana sauya yadda madubin ke lanƙwasa haske kafin ta rufe shi. Aikin yana a likita ƙarami ne, kuma gani na dawowa. Kada ku bari a kai ta wurin masu tura yana da tsinke. Haka wanda ganinsa ke sauyawa mako-mako, yau nesa ta yi kyau gobe ta dagule, ga yawan ƙishirwa da fitsari, a auna masa sukari tukuna kafin a yi zancen gilashi.

Bari in taɓo kasuwa. A Gure, a Gidigir, a Subdu, ba ka rasa mai faifan tabarau, an jera su reras, baƙaƙe na rana a gefe ɗaya, farare a ɗaya gefen, kowanne da ƴar takarda manne a gilashin: +1.50, +2, +3. Ku lura da alamar, ta ƙari ce. Na dattawa ne masu son karatu ko zura zare a allura, kuma su yana yi musu aiki daidai gwargwado, Allah ya ba mai faifai kasuwa. Kai mai rashin ganin nesa, in ka sa shi hazon ninkuwa zai yi. Na aro ma haka, ko na yayanka ne uwa ɗaya uba ɗaya. Idon dama da na hagu kan sha bamban, wasu kuma tantanin gaban idonsu ba zagayayye ba ne sosai, sai an yanka musu gilashi ta wata kusurwa, sannan dole tsakiyar kowane gilashi ta dace da tsakiyar baƙin ido. Tabarau da bai dace ba ba ya makantar da babba, amma zai haɗa shi da ciwon kai da jiri, har ya jefar ya ce ai dama an faɗa.

Abin da na fi jin tsoro a faifan kasuwa ƴan kwalaben maganin ɗigawa ne. Da yawansu akwai sinadarin deksametazon ko danginsa a ciki. Yana kwantar da ja da ƙaiƙayi nan take, shi ya sa ake son sa, amma wanda ya ɗauki watanni yana ɗigawa ba da sanin likita ba na iya gamuwa da hawan jinin ido ko yana tun yana saurayi, kuma abin da hawan jinin ido ya cinye ba ya dawowa. Yaran da idonsu ke yin ja-ja da ƙaiƙayi duk lokacin ƙura, suna ta murza, su ma a kai su a duba, don yawan murza na iya sa tantanin gaban ido ya yi tsini, lamba ta yi ta hawa ba ƙaƙƙautawa. Kwalli ado ne, wani ma akwai dalma a cikinsa. Zuma abinci ce mai albarka. Zogale da karas da mangwaro da hanta suna maganin dundumi, wanda ke zuwa daga ƙarancin bitamin A. Duk cikinsu babu mai rage tsawon ido. Bidiyon da ake turo muku ta WhatsApp da TikTok kuwa, wai ka juya ido sama da ƙasa ka jefar da tabarau cikin wata guda, tsohon zance ne aka sake wa riga. Wani likita a Amurka, William Bates, ya buga littafi a kai tun 1920, har da shawarar fuskantar rana, an gwada hanyarsa ba ta tsinana komai ba. Kallon ƙwayar rana dai ƙona tantanin bayan ido yake, kada wanda ya gwada.

Amma hasken rana, ba kallonta ba, shi ne rigakafin da aka fi tabbatarwa, kuma a nan mu mutanen Gure Allah ya yi mana arziki. Yaran Afirka da ke da wannan matsala, in aka haɗa binciken ƙasashe daban-daban, wajen 5 ne cikin 100. A manyan biranen gabashin Asiya kuwa, 80 zuwa 90 cikin 100 na masu gama sakandare. A Seoul ta Koriya ta Kudu, a cikin samari ƴan shekara 19 da aka auna don shiga soja, an samu sama da 96 cikin 100. Kakanninsu ba haka suke ba, saboda haka ba jini kaɗai ba ne. An kwatanta yara ƴan asalin Sin masu shekara 6 zuwa 7 a Sidni ta Ostareliya da takwarorinsu a Singafo: na Sidni wajen 3 cikin 100, na Singafo 29. Abin mamaki, na Sidni sun fi karanta littattafai. Bambancin, suna yin kusan awa 14 a mako a waje, na Singafo 3. A birnin Guangzhou aka ƙara wa ƴan firamare minti 40 a waje kowace ranar makaranta, bayan shekara 3 waɗanda suka kamu sun kai 30 cikin 100, a makarantun da ba a ƙara ba kusan 40. Masana na ganin haske mai ƙarfi ne ke sa tantanin bayan ido fitar da wani sinadari mai taka wa tsawon ido birki. Ko inuwar bishiya ta ninka hasken cikin ɗaki sau da yawa, ba sai an tsaya cikin ƙunar rana ba.

Kada wannan ya sa mu saki jiki. Wani hasashe da aka buga a 2016 ya ce zuwa 2050 rabin mutanen duniya za su kasance da rashin ganin nesa, kuma hanyar da wasu suka bi suka kai can ita muka ɗauko: aji da safe, darasin ƙari da yamma, salula da dare. Yaron da ke bin awaki a kan tudun yashi ba shi da wannan damuwa. Ɗan ma'aikaci da ke kulle a ɗaki da waya, da yarinyar da daga aji sai ɗaka, su ne abin dubawa. Awa 2 a waje kowace rana ake so ga yara. In za a yi bita da rana, a fito da tabarma tsakar gida. A riƙe littafi ko waya da tazarar da ta kai daga gwiwar hannu zuwa yatsu, a riƙa ɗaga kai ana duban nesa bayan kowane minti 20. Zaman waje ya fi amfani wajen hana abin farawa, wanda ya riga ya kamu ba zai cire masa lamba ba. Kuma kada in ji wani ya ɗauki maganata ya ce boko ke kashe ido, a cire yarinya daga lakwal. Yaran Sidni sun isa amsa.

Mu a jihar Damagaram mun saba ciwon ido shi ake biyo mu da maganinsa. Shekara da shekaru shirin kula da lafiyar ido na ƙasa, PNSO, da masu tallafa masa irin su Cibiyar Carter da Helen Keller suna yaƙi da amodari, ana raba magani gari-gari, ana aikin gashin ido, rediyo na ta kiran a wanke wa yara fuska. Rashin ganin nesa kuwa ba ya ja, ba ya kwantsa, ba ya zafi, ba mai ganinsa a fuskarka. In ba kai ka buɗe baki ba, haka za ka gama makaranta. Hausawa na cewa ciwon ido sai haƙuri, amma ban da wannan.

Ga gwajin da za ka yi yau ba ko dala. Samu ɗan kwali, ko katin kuɗin waya da aka riga aka kankare, ka huda shi da allura, huda guda ƙarama mai tsabta. Tsaya inda rubutun wani shago ke yi maka dishi-dishi, rufe ido ɗaya, ka leƙa ta hudar da ɗayan. Idan haruffan suka fito, ko da hasken ya ragu, alama ce mai ƙarfi cewa gilashi zai yi maka aiki. Idan ba abin da ya sauya, ka fi kowa bukatar ganin likita da wuri, don wataƙila matsalar wata ce daban. Ka fara da likitar Gure a duba ka a faɗa maka inda za ka. Babbar likitar Damagaram, kimanin kilomita 160 daga nan, tana da sashen ido. Akwai asibitin ido na Makka a Maraɗi da Yamai, ga na ECWA a Kano da ke aiki tun 1943. Na san kuɗin mota da na awo da na gilashi ba ƙaramin abu ba ne ga gidan da ke lissafin hatsi. Ku gaya wa Baba a sa kuɗin a gilashin, firam mai araha ya wadatar in yana da ƙwari. Kafin a samu hali, ka je wurin mushe da ladabi ka roƙi zaman gaba, ba malamin kirki da zai hana. Ka adana takardar lambarka, kuma muddin kana girma a sake awo kowace shekara.

In ka samu, kwanakin farko za ka ga ƙasa kamar ta karkace, abubuwa sun ɗan ƙanƙance. Mako ɗaya ko biyu ya isa ka saba, in ya wuce haka ka koma a duba. Mai ƙaramar lamba na iya sa shi a aji da kan hanya kawai, daga -2 zuwa sama gara a wuni da shi. Wanda ke tuƙa babur ko mota kam ba shi da zaɓi, musamman da magariba lokacin da hazon ke ƙaruwa, ga jakuna da raƙuma na tsallaka titin Difa ba sallama. Garinmu kuma garin yashi ne, gilashin yanzu yawanci roba ce. Ka goge shi a bushe da bakin riga ko gefen mayafi, cikin wata kaɗan ya cika da zane. A zuba masa ruwa tukuna ƙurar ta sauka, sannan a goge da ƙyalle mai laushi. A cire shi da hannu biyu, kada a kifa shi a kan gilashin, kada a bar shi a gaban mota cikin zafin watan Afrilu.

Tsokana kuwa za a yi, za a ce ido huɗu, za a ce iyayi ne. Ku ƴan mata na san har zancen aure ake kawo muku, wai kada a ce tana da lalura. Ƙanwata, saurayin da gilashi zai kora ba asararki ba ne, ki sa abinki ki ga tablo.

Yanzu akwai hanyoyin rage saurin ƙaruwar lamba ga yara: ɗigon atropin mai rauni ƙwarai da aka gwada a Singafo da Hong Kong, da wasu gilasai na musamman irin su MiYOSMART da Stellest. Suna da tsada, sai a manyan birane, kuma jinkirtawa suke, ba sa mayar da abin da ya wuce. Aikin leza da kuke ji ana yi wa wanda ya haura shekara 18 kuma lambarsa ta tsaya. Ana fiƙe tantanin gaban ido ne don ya yi aikin da gilashi ke yi, mutum ya huta da tabarau, amma tsawon idon na nan.

Tsawon nan shi ya sa nake ware masu lamba babba, daga -5 ko -6 zuwa sama, da magana ta musamman, ko sun yi leza ko ba su yi ba. Idon da ya yi tsawo sosai tantanin bayansa a miƙe yake, ya yi siriri, ya fi saurin yagewa ko ɓamɓarewa, kuma hawan jinin ido da yana sun fi kusa da shi. Irinku ana so likitan ido ya buɗa baƙin idon ya leƙa ciki a kai a kai, ko ba abin da ke damunku. Idan kuma rana ɗaya ka ga walƙiya a gefen ido alhali ba hadari, ko baƙaƙen ɗigo masu yawa sun taso suna yawo a gabanka, ko wata inuwa ta fara rufe gefe ɗaya na ganinka, kada rashin zafi ya ruɗe ka. Ba a jiran hutun makaranta ko a sayar da akuya ranar kasuwa. A ranar za ka nemi motar Damagaram, ka riƙe takardar lambarka, ka faɗa wa na bakin ƙofar sashen ido abin da ka gani da lokacin da ya fara.